Saniyar da Kanar Bai Mayar Ba

Isa,
9 ga Yuli, 1984.

Zuwa ga taubashina Jibrilla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rahmatu da yara. Mu nan da sauƙi, sai dai gwiwa da ta fara tuna mini shekaruna. Aikin unguwarzoma yana nan yadda ka san shi. Fari bai hana mata haihuwa ba.

Na rubuta Jibrilla ban rubuta Kanar ba, kuma da gangan na yi. Ni ɗiyar namiji ce, kai ɗan mace, saboda haka ko jiha goma aka ba ka ka riƙe, a ƙarƙashina kake. Wanda na sani shi ne yaron da ya zo rugarmu ta Burkusuma riƙe da gefen zanen Goggo Safiyatu, mahaifiyarka, shekarar da mahaifinka ya rasu a Gangara, yana kuka wai maraƙi ya lashe masa kunne.

Labarin gida ba daɗi. Ruwa ya sauka sau biyu, aka yi shuka, gero ya fito kamar tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Daga nan har Sabon Birni ba ka ganin kore sai kan bishiya, ita ma makiyaya sun sassare rassanta. Bara cutar bushiya ta shiga garken Baba, ta bar masa huɗu cikin hamsin da ɗoriya. Bana yunwa ta ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta faɗi ranar Talatar da ta wuce.

Na je na gan shi ranar Asabar. Idon ya kusa tafiya gaba ɗaya, amma kullum safiya sai ya fita ya share wurin kwanan shanu, ya miƙa dangwali, igiyar nan da muke ɗaure maruƙa, ya zauna gefe. Ba saniya, ba maraƙi. Na zauna kusa da shi har rana ta yi zafi.

A zaman nan na tuna ranar da ya ɗaura maka Wule, jar karsanar nan mai farin goshi. Kana da shekara goma sha biyu, ba ka da ko kaza. Ya kama hannunka ya ɗora kan igiyarta, ya ce maka wannan haɓɓanaye ce: ka riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne halak malak, uwar kuma ka maido ta da hannunka. Kai kuwa, Bagobiri, ka ɗaga kai ka tambaye shi ko ana hawanta. Har yau in na tuna sai na yi dariya.

An ce mini jikokinta suna nan gonarka ta bayan Kaduna, jajaye da farin goshinsu, sun yi ƙiba har ba su iya gudu. Allah ya ƙara albarka. Na ce bari dai in gaya maka, a nan babu sauran ja mai farin goshi ko ɗaya.

Ka gaida Rahmatu. Ka ce mata man shanun da nake aiko mata ya yanke, ba rowa ba ce.

Taka,
Habi.

Kaduna,
2 ga Agusta, 1984.

Zuwa ga uwar ɗakina Habi,

Ranki ya daɗe, ɗiyar namiji. Bayan gaisuwa da ban girma, muna lafiya. Rahmatu tana gaishe ki, ta ce gwiwar ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki kuma rage yawon gulma. Ni ban faɗa ba, ita ta faɗa.

Labarin garken Kawu ya taɓa ni ƙwarai. Ban tsaya wata-wata ba. Jibi mota za ta taso da buhunan dawa da masara, da shanu biyu farare masu tatsa da na saya a wata babbar gona. An yi musu allura, kuma sun fi jajayenmu nono nesa ba kusa ba. Kada ki yi mini godiya, aikina ne.

Kin tambayi halin da nake ciki ko ba ki tambaya ba, za ni gaya miki. Tun da sojoji suka dawo kan mulki ƙarshen bara, baƙi ba su yanke mini. Kowa ya zauna sai ya ce, "Kanar, ga abin da kuka miƙa, ga inda ya ƙare." Ina jin su kawai. Wata goma sha biyar aka ba ni riƙon jihar nan, aka ce in shirya zaɓe in miƙa wa farar hula. Na shirya, na miƙa. Abin da suka yi da ita bayan nan, su za a tambaya.

Amma ranar ba ta fita raina, ɗaya ga Oktoba ta saba'in da tara. Kafin ta zo babu irin mutanen da ba su sallama mini ba. Wani ya ce in taɓa sakamakon zaɓe kaɗan don mutumin kirki ya hau. Wani ya ce motocin gidan gwamnati ai ba wanda ya san adadinsu. Na sa aka raka kowa bakin ƙofa. Ranar kuwa filin ya cika maƙil. Na tsaya gaban wani tsohon malamin makaranta mai babbar riga, wanda hularsa ta yi masa yawa, na miƙa masa tuta da makullai, na ƙame na sara masa. Hannunsa rawa yake, nawa ko gezau. Da aka tashi, motar da ta kawo ni ta zama tasa, sai a Fijon ƙanin Rahmatu muka fita, muna zaune kan akwatuna. Ko cokali ban fito da shi ba. Har gobe Rahmatu tana mitar wata butar shayi da ta ce tata ce na hana ta ɗauka.

Ba yabon kai ba, Habi, ban taɓa riƙe abin da ba nawa ba, kuma da wannan nake barci.

Kin tuna mini da Wule har na yi dariya ni kaɗai. Ai na hau ta ɗin, a bayan gulbi, ta kuwa yar da ni cikin ƙaya, ke kika cire mini su kina yi mini waƙar tsiya. Jikokinta suna nan, goma sha ɗaya, lafiya lau.

Ki gaida mini Kawu, in ya yarda a ambaci sunana.

Bawanki,
Jibrilla.

Isa,
20 ga Agusta, 1984.

Jibrilla,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Baba ma da sauƙi. Yau gaisuwar gajera ce don raina a ɓace yake.

Motarka ta iso ina can rugar. Hatsin, Baba ya ce a raba wa mutanen Burkusuma da baƙin da yunwa ta koro, kuma an raba, an yi maka addu'a. Shi ko mudu bai ɗauka ba. Da aka sauko da shanun ya sa aka kai shi gabansu. Ya shafa goshin ta farko, ya bi ƙahonta da hannu, ya taɓa kunnenta. Ya yi wa ta biyu haka. Sannan ya ce, "Shanun ga na kirki na. Amma ni ban ɗaura ma kowa farar saniya ba. Ku maishe su ga mai su." Direbanka ya yi magiya har ya gaji. Suna hanya, ka sa a tanadar musu wuri.

Bayan motar ta tashi ya juyo wajena ya ce, "Habi, wanga karon da takarda sunka zo?"

Ka san takardar da yake nufi? Ina jin ba ka sani ba, to yau za ka sani. Shekarar fari ta saba'in da uku, da Goggo ta rasu, ba ka zo jana'iza ba, ba ka zo sadakar uku ba, ba ka zo ta arba'in ba. Muka ce aikin soja ne. Sai ga mota da sojoji huɗu, wai ka ce a kwashe shanunka a kai kudu kafin su mutu. Baba bai hana ba, shi da kansa ya ware su. Da aka gama lodi, sajan ɗin ya fito da takarda da tawada, ya kama babban yatsan Baba ya dangwala, shaidar cewa ya ba da shanu tara bai ɓoye ko ɗaya ba. Mutumin da ya goya ka a kafaɗa ya ƙetare gulbi da kai. Kwana uku yana goge yatsan nan da ƙasa. Daga ranar bai sake kiran sunanka ba.

Yanzu bari in faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakina ba. Wule ta yi haihuwa ta uku kana makarantar soja a Zariya. Goggo ta ce a mayar da ita, Baba ya ce a'a, a bari yaro ya zo ya kawo da hannunsa, don ranar ta yaro ce. Ka zo hutu sau uku cikin kaki, kwana bibbiyu, 'yan mata na leƙenka, ba ka ko tuna ba. Wule ta tsufa ta mutu, aka ce ɗiyarta ta tsaya a madadinta. Ɗiyar tana cikin taran da motarka ta kwashe.

Wanda ya ɗaura haɓɓanaye ba ya tambaya, ko da zai mutu. Ka san wannan, don a rugar nan ka girma. Ni ma da na rubuta maka wancan karon na yi ta kewaye-kewaye ne don in rufa maka asiri, ka tuna da kanka. Sai ka aiko da masara.

Ka ce ba ka taɓa riƙe abin da ba naka ba. Ranar da rediyo ke yabonka, ina kasuwar Sabon Birni, wani dattijo mai sayar da igiya ya ce, "Ɗan Safiyatu ya maida jiha guda, amma karsana guda ta gagare shi." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, na bar cefanen na tafi gida.

Ba nono Baba ke nema ba. Jinin Wule daga garken kakanmu ya fito, kuma duk duniya yanzu babu shi sai a hannunka.

Habi.

Kaduna,
28 ga Oktoba, 1984.

Zuwa ga Habi,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, da Kawu, da yara. Mu ma lafiya, sai Rahmatu da ta yi zazzaɓi ta warke.

Na san kin ƙirga kwanaki kin ce Kanar ya yi fushi. Ba fushi ba ne. Takardarki ta zo ina Legas, an kira ni, na yi sati biyar can. Da na dawo na karanta ta, na sa a aljihu, na yi ta yawo da ita. Sau huɗu ina fara amsa ina yagewa.

Maganar dangwala yatsa ban taɓa ji ba sai a takardarki. Amma ba za ni ɗora wa sajan laifi ba. Ni na ce masa, "Ka tabbata ka dawo mini da shaida." Haka nake ce wa duk wanda na aika, ko taya aka je ɗauka. Na faɗa ina duba wata takarda, ban ko ɗaga kai ba.

Sauran kuma, tun da kin cire kunya kin faɗi naki, bari in faɗi nawa. Na gane takardarki ta farko sarai. Ina karanta "ja mai farin goshi" na san inda kika dosa. Na sayi fararen nan ne don kada a taɓa mini jajayen.

Na ba ki labarin ranar miƙa mulki, ban ba ki na washegari ba. Wayar da ke ƙara tun asuba ta yi tsit. Masu durƙusa mini suka koma durƙusa wa mai hula. Bayan wata shida na ajiye kaki, na dawo nan ba ni da abin yi. Wata rana da yamma na shiga gona, na tsaya bakin shinge, ban san lokacin da na yi kiran nan na Kawu ba, wanda yake yi in rana ta sunkuya. Habi, wallahi suka ɗago kai. Shanun da aka haifa a Kaduna, ba su taɓa jin muryarsa ba. Warin wurin, da hayaƙin da ake yi musu don ƙuda, sai na ji kamar in na waiwaya za ni ga Inna da ƙwarya a cinya. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce ta rasu.

Tun daga ranar kullum ina wurinsu. Jihar nan da ake yabona da ita, ban taɓa sonta ba. Aiki ne aka ba ni, na ƙosa in sauke, shi ya sa hannuna bai yi rawa ba. Su kuwa ina son su, su kaɗai suka rage mini daga gida. Kuma in gaya miki gaskiya, tsoron Kawu nake. Na tsaya gaban harsashi a yaƙi, amma ban san da wane ido za ni dubi mutumin da ya binne mini uwa ba ni nan.

Za ni zo. Sai dai maganar Legas ba ta ƙare ba. Shugabancin wata hukuma suke so in karɓa, kuma suna jiran amsa cikin Disamba. Da na gama da su, farkon Janairu in Allah ya so, za ki gan ni.

Naki,
Jibrilla.

Isa,
12 ga Nuwamba, 1984.

Taubashina,

Na gaishe ka, na gaida Rahmatu da jiki. Takardarka ta sa ni hawaye, kuma na yafe maka rabin laifinka. Ɗaya rabin ba ni ke da ikon yafe shi ba.

Janairu ta yi nisa. Baba ya daina shara. Ranar Lahadi ya naɗe dangwalin da hannunsa ya miƙo mini ya ce, "Aje wanga cikin kayanki, kar gara ta ci shi." Fura yake kurɓa sau ɗaya a yini. Na karɓi haihuwa fiye da dubu, na kuma zauna kusa da masu tafiya da yawa, na san kamanninsu. Legas ta shekara nawa tana nan, za ka dawo ka iske ta.

In za ka zo, ga yadda ake yi, tun da ka manta. Mace za ka zaɓo, ta jinin ɗiyar Wule, kuma ba wadda ka fi iya rabuwa da ita ba. Ka sauke ta a Sabon Birni, daga nan kai da ita ne da ƙafa, igiya a hannunka. Ban da kaki, ban da direba a bayanka, ban da takarda.

In kuwa sai ka gama da Legas, to ka bar ta ta ci ciyawarta.

Habi.

Kaduna,
3 ga Disamba, 1984.

Zuwa ga uwar ɗakina,

Na iso gida lafiya jiya, na iske kowa lafiya. Ina fata matar nan ta Kamarawa da ta tsare ki kwana biyu ta sauka lafiya. Ban ji daɗin saɓanin hanyar da muka yi ba. Gaisuwar tsaye a tashar Isa ba ta isa ta biya shekara goma sha ɗaya da muka yi ba mu ga juna ba. Kin ce in rubuto miki komai, kada in rage. To ga shi.

Na zaɓi wadda nake kira Ƙarama, wadda ke biyo ni bakin shinge tana shinshina aljihuna don gishiri. Cikinta na fari ne, ya tsufa. Da za a sa ta a mota sai da na koma cikin gida, Rahmatu ta tsaya a madadina.

Mun sauka Sabon Birni da hantsi. Na sallami direba, na naɗa rawani, na kama igiya. Habi, hannun da ya shekara yana sa hannu a takarda ba hannu ba ne. Kafin mu fita gari tafina ya sale. Ita ke ja na, ba ni ke janta ba. Wani mai raƙumi ya tsaya ya dube ni ya ce, "Malam, kai dillali na ko ɓarawo?" Na ce masa mai mayar da haɓɓanaye ne. Ya dubi furfurata ya ce, "To ka makara, amma Allah shi kai ka." Ya ba ni ruwa daga salkarsa.

Ƙasar ta ba ni tsoro. Inda muke tsinkar kanya babu kanyar. Gulbin da Kawu ke ƙetarewa da ni a kafaɗa, na taka shi takalmina bai jiƙe ba. Ƙasusuwan shanu gefen hanya kamar an shanya. Duk ƙauyen da muka ratsa mutane sai su fito su tsaya suna kallon saniya mai ƙiba. Wata tsohuwa ta roƙe ni in tsaya ta shafa ta kawai, na tsaya.

Da la'asar muka hango rugar. Na tsaya ina shirya abin da za ni faɗa, jawabin da na kwana uku ina tsarawa. Ƙarama ba ta jira ni ba, ta ɗaga kai ta yi kuka.

Aka ce mini kwana takwas Kawu bai tashi da kansa ba. Sai ga shi ya fito daga bukka yana dafa sanda, yana lalube. Ba wanda ya kama shi. Ya zo ya ɗora hannu kan goshinta, daidai farin, ya daɗe a nan. Ya bi ƙahon, ya taɓa kunnen. Sannan ya yi kiran, a hankali, muryar duk ta shige. Ta sunkuyar da kai ta lashe masa hannu.

Ya ce, "Wule, kin daɗe."

Na durƙusa na sa igiyar a tafinsa. Jawabin ya gudu, ko kalma ɗaya ban tuna ba. Ya laluba ya kama hannuna, ya ji inda ya sale. Ya ce, "Jibo, da ƙahwa kat taho?" Na ce da ƙafa, Kawu. Ya ce, "To ka sha ruwa. Kai ma ka daɗe."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai ambaci mota ba, bai ambaci yatsa ba. Da na fara neman gafara ya ce in bari, ana kiran salla. Washegari ya sa na riƙe masa hannu har kabarin Inna, ya nuna mini da sanda, ya koma gefe ya ba ni wuri. Kwana uku na yi, ina kwana kan tabarma, kuma rabon da in yi barci irin wannan tun ina yaro.

Na rubuta wa mutanen Legas na ce su nemi wani. Na bar kuɗin dusa da harawa wajen maƙwabcinsa Yero don kada ta rame. Yanzu hankalina ya kwanta, Kawu yana da saniya a ƙofarsa.

Bawanki,
Jibrilla.

Isa,
6 ga Janairu, 1985.

Zuwa ga ɗan'uwana Jibrilla,

Na ba Ɗanmusa direba wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu jiya Asabar da hantsi, an yi masa sutura bayan azahar, kusa da Goggo. Bai wahala ba. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri, ni da kai.

Na san za ka taso da ka karanta. Amma akwai abin da nake so ka sani kafin ka iso, don cikin taron makoki ba za ni iya faɗa maka ba, kuma ba na so ka ga wurin kwanan shanu wayam ranka ya ɓaci.

Bayan tafiyarka ya aiko a kawo masa dangwalinsa. Ya koma shara. Ya koma cin tuwo, har yana yi mini faɗa wai miyata ba gishiri. Kwana tara yana zaune gefen Ƙarama yana yi mata hira da Fulatanci, yana ba ta labarin kakanninta ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, to, Kanar ya sayo mana shekara guda.

Rana ta goma ya sa aka kira Yero. Ka gan shi, mai 'ya'ya shidan nan da bushiya ta share wa garke tas. Ya riga ya ɗaure kayansa zai tafi Sakkwato neman aikin gadi. Baba ya kama hannunsa ya ɗora kan igiyar, ya faɗa masa maganar da ya faɗa maka shekara talatin da huɗu da suka wuce, ba ragi ba ƙari. Yero ya durƙushe yana kuka.

Ni kuwa na tashi da faɗa. Na ce, Baba, ita kaɗai gare ka, mutum ya sale hannu ya kawo maka ita, ko nononta ba ka sha ba. Ya ce, "Habi, ke unguwarzoma ta, ba ki san shanu ba. Tun ina saurayi nike ɗaura ma mutane. Abin da ad damuna shi na in tahi ba ni da ko guda hannun wani. Yanzu ina da."

Sai Yero ya share ido ya tambaya, in ta haihu uku wa zai kawo wa. Baba ya yi dariya ya ce, "Ni dai ba ka iske ni. Jibo za ka kai ma, da hannunka, har ƙohwa tai." Yero ya ce ina ƙofar take. Baba ya ce, "Gangara mana, gidan ubanai. Ina kuma?"

Don haka ka ji. Bai bar mini ko akuya ba, ni ɗiyarsa, sai dangwali. Kai ɗan mace ya bar wa jinin garken kakanmu. Ban ji haushi ba, ko kuma na ji kaɗan, za mu yi wannan shari'ar in ka zo.

Ƙarama ta haihu ranar Laraba, kwana uku kafin ya cika. Mace ce, ja, da farin goshi. Yero ya rungumo ta ya kawo masa har shimfiɗa, ya shafa ta, ya ce madalla. Saura biyu ke nan.

Na bi ta Gangara wancan satin na duba gidan mahaifinka. Zauren ya faɗi, awakin maƙwabta ke kwana a ciki. Ka zo da shirin ɗaga shi kafin damina, don Yero ba zai iya koro saniya da ƙafa har Kaduna ba.

Taka har kullum,
Habi.